Finafinan faɗa a falonmu: Ƙaryar da suke yi mana kan magani, rauni da barci

 Yau a falo za mu zauna, gaban talabijin, mu tattauna kan finafinan faɗa da na 'yan fashi da na binciken kisa, waɗanda suka zama abincin dare na biyu a gidaje da yawa.

Ku duba yadda abin yake. A Agege ko Idi-Araba a Legas, ko Sabo ta Ibadan, ko unguwannin mutanenmu a Fatakwal, iyalai da dama ɗaki da falo gare su, talabijin kuma ɗaya. Maigida ya dawo daga kasuwa ya sha cunkoson hanya, an yi isha'i, an ci abinci, sai a saka fim. Abin da babba ya zaɓa shi kowa zai gani, har da na goye. Iyayenmu sai sun je sinima ko sun yi hayar kaset kafin su ga Sholay ko Rambo ko Commando. Yanzu kuwa kuɗi kaɗan za ka ba mai tura finafinai ya cika maka waya, ko ka hau YouTube ko Netflix. Fassarar Hausa da ake yi wa finafinan Indiya, irin ta Algaita, ta ƙara kawo abin kusa. Yaron da a da duka kawai yake gani bai san dalili ba, yanzu yana jin kowace barazana da kowace baƙar magana da harshen da ake yi masa magana a gida.

Ba na cikin masu cewa a daina kallo, domin akwai masu kyau a cikinsu. October 1 na Kunle Afolayan, wanda ya fito a 2014, inda marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayin Sufeto Danladi Waziri, ɗan sandan da aka tura daga Arewa zuwa wani gari a Yamma ya binciki kashe-kashen mata ana dab da samun 'yancin kai, fim ne da babba zai kalla ya yi tunani. Haka Drishyam na Indiya, wanda kusan babu doke-doke a cikinsa amma ba za ka iya tashi ba sai ya ƙare. King of Boys na 2018 da The Black Book da Gangs of Lagos na 2023 sun nuna cewa 'yan ƙasar nan ma sun iya wannan fanni. Sai dai duk na manya ne.

Abin da ya dame ni, ni da nake aikin harhaɗa magunguna, shi ne finafinan nan makaranta ce ta taimakon gaggawa ba tare da mun sani ba. Mafi yawanmu ba mu taɓa zama a ajin da aka koya mana yadda ake tsayar da jini ba, amma mun ga an harbi mutum a fim fiye da sau ɗari. Ranar da abu ya faru a gabanmu, abin da ido ya saba gani shi hannu yake yi. Darasin fim kuwa yawancinsa kuskure ne.

Akta da kwalbar ƙwayoyi

Kun san wannan fitowar. An yi wa akta jina-jina, ya shiga banɗaki, ya buɗe kwalbar magani, ya zazzaga ƙwayoyi a tafin hannu ko ƙirgawa bai yi ba, ya watsa a baki, ya koma ya gama da bos. Idan farasitamol ne, iyakar abin da babban mutum mai lafiya zai sha a cikin awa 24 shi ne giram 4, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500, su ma a rarrabe, ƙwaya biyu duk bayan awa shida. Abin tsoro game da wuce wannan iyaka shi ne ranar farko mutum yana iya zama garau, ko ɗan tashin zuciya kawai. Sai bayan kwana biyu ko uku hanta ta fara gazawa, ido ya yi ɗorawa, a lokacin kuma maganin da ke karya dafin ya rage amfani, domin ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa takwas na farko. Ku kuma lura, magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu, don haka wanda ya haɗa na mura da na ciwon kai yana iya ninka adadin bai sani ba. Idan kuwa ibufurofen ne ko dikulofenak, ciki da ƙoda su ke biyan bashin.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne saƙon da ke ƙarƙashin fitowar, wai ƙwaya ƙarfi ce, wanda ya sha ba ya jin duka. Da irin wannan magana ake sayar wa matasanmu tiramol, masu dako da 'yan acaɓa da 'yan daba. Wanda aka amince da shi a ƙasar nan mai miligiram 50 ne da 100, shi ma da takardar likita, amma wanda ake kamawa a hannun masu fasa-ƙwauri har da mai 225. Yawansa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yin ta ba, yana kuma danne numfashi. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Najeriya, na shekarar 2018, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani kayan maye a cikin shekara guda. A wannan shekarar ce kuma gwamnati ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. Ba fim ne ya haifar da wannan annoba ba, amma yana yi mata kwalliya.

Sai maganar ceto wanda ya sha ya wuce kima. A Pulp Fiction na 1994 an caka wa wata mace allurar adirenalin a tsakiyar ƙirji har cikin zuciya, ta zabura ta tashi zaune. Tun daga nan finafinai suke maimaita wannan. A asibiti, wanda hodar heroyin ko kodin ko danginsu suka danne wa numfashi, naloksan ake ba shi, ta jijiya ko tsoka ko a fesa a hanci, babu mai taɓa zuciyarsa da allura. Mu kuma a gida muna da namu kuskuren, wato ɗura wa wanda ya suma madara ko manja ko ruwan gishiri don ya yi amai. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya da kyau, abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya. Ku kwantar da shi ta gefe, ku duba yana numfashi, ku kai shi asibiti, ku tafi da kwali ko kwalbar abin da ya sha.

Hankicin da ake toshe wa mutum hanci da shi ya sume nan take, shi ma ƙarya ce. Kuloroform, wanda likita James Simpson ya fara amfani da shi wajen gusar da hankalin marasa lafiya a Edinbura a 1847, ba ya aiki cikin daƙiƙa biyu, kuma likitoci sun daina amfani da shi ne saboda yana tsayar da zuciya yana lalata hanta. Haɗarin gaske yana cikin abin sha. Maganin barci da aka zuba a lemo ko shayi yana iya sa mutum ya farka bai tuna komai ba. Ku gaya wa 'ya'yanku mata da maza, musamman masu doguwar tafiya a mota tsakanin Kudu da Arewa, kada su karɓi buɗaɗɗen abin sha daga wanda ba su sani ba.

Duka a kai, harsashi da wuƙa

A fim ana buga wa mutum gindin bindiga a ƙeya, ya sume, bayan awa biyu ya farka ya shafa wurin ya ci gaba da gudu. A zahiri duk wanda ya suma bayan bugu a kai, ko da na daƙiƙa goma ne, ƙwaƙwalwarsa ta jijjigu kuma sai likita ya gan shi. Akwai wani nau'in zubar jini a cikin ƙoƙon kai da mutum zai farfaɗo ya yi magana har ya yi dariya, bayan wasu awanni jinin ya taru ya danne ƙwaƙwalwa, ya kwanta bai sake tashi ba. Wannan ya shafi ɗan da ya faɗo daga babur ko daga bene, da wanda ƙaninsa ya gwada masa abin da suka gani jiya da dare. Amai a kai a kai, barcin da ba a saba gani ba, ciwon kai mai ƙaruwa, rikicewar magana, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, duk alamu ne na a tafi asibiti nan take ko tsakar dare ne. Kada a ba shi asfirin ko ibufurofen, domin suna ƙara zubar jini.

Ciro harsashi da wuƙa a zuba giya a kan raunin, wannan ma ku bar wa akta. Sau da yawa likitoci ma barin harsashi suke yi a jiki idan ciro shi zai fi yin ɓarna. Abin da ke kashe mutum a mintunan farko zubar jini ne. A sami tsumma mai tsabta a danne wurin da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa, idan ya jiƙe a ɗora wani a kansa. Wuƙa ko ƙarfe ko gilashin da ya shige jiki kada a zare shi, domin wataƙila shi ne ya toshe jijiyar da ta yanke. A tallafe shi da tsumma ta kowane gefe a tafi da shi haka.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba har yanzu shi ne, tun 2017 akwai dokar ƙasa da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara maganin. Ku riƙe lambar gaggawa ta 112. A Legas akwai 767, ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122.

Danna ƙirji don farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya kuwa, fim ya sa mun ɗauka sau uku ake dannawa mutum ya yi tari ya tashi. Wasu likitoci a Amurka sun bi shirye-shiryen asibiti na talabijin suka ƙirga, suka wallafa a 1996 cewa kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka danna wa ƙirji sun farfaɗo. A rayuwa, idan abin ya faru a wajen asibiti, kusan mutum ɗaya cikin goma ke tsira ko a ƙasashen da motar asibiti ke zuwa da wuri. Wannan ba dalilin barin yi ba ne, dalilin yin sa daidai ne. A tsakiyar ƙirji ake dannawa, da ƙarfi, ya nutsa kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har taimako ya zo.

Abin da ke faruwa a jikinka kana zaune

Masu shirya waɗannan finafinai sun san aikinsu. Kiɗan da ke hauhawa, duhu, shirun da ake yi kafin a fasa ƙofa, duk don jikinka ya saki adirenalin ne. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, tafin hannu ya yi gumi. Ga mai lafiya wannan ba komai ba ne, shi ne ma daɗin kallon. Ga mai ciwon zuciya ko wanda hawan jininsa bai daidaita ba, ya kamata ya san kansa. A lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006, likitocin birnin Munik sun gano cewa masu matsalar zuciya ta gaggawa sun ninka fiye da sau biyu a ranakun da Jamus take wasa. Ƙwallo ce ba fim ba, amma zuciya ba ta bambancewa. Idan kana kallo ka ji ƙirji ya yi nauyi, ko zafi yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, kada ka ce bari a ƙarasa.

Amma ɓarnar da na fi gani ta barci ce. Masu dogon zango irin su Money Heist an gina su ne yadda kowane kashi zai ƙare a inda ba za ka iya haƙuri ba, manhajar kuma da kanta take saka na gaba. Sai ƙarfe biyu na dare, ga asuba na jira, ga fita da duku-duku don gudun cunkoso. Da safe a sha lemon ƙara kuzari, da yamma a ƙara, alhali rabin kafeyin ɗin da ka sha yana nan a jininka bayan kamar awa biyar. Bayan mako biyu sai a zo kemis ana neman maganin barci. Diyazefam da danginsa ba a bayar da su sai da takardar likita, kuma jiki yana saba musu cikin 'yan makonni, daina su ya zama aiki. Babba yana buƙatar barcin awa bakwai zuwa sama, ɗan firamare awa 9 zuwa 12, matashi awa 8 zuwa 10. A ganina fim mai zafi na yammacin Asabar ne ko Lahadi, ba na daren da za a tashi aiki ba.

Masu farfaɗiya su ƙara kula. Rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ita, kuma wasu kaɗan daga cikinsu walƙiyar haske ce ke tayar musu, irin ta fitilar motar 'yan sanda ko ɓarin wuta a duhu. A Disambar 1997 wani kashi na zanen Pokémon mai irin wannan walƙiya ya sa an kai yara sama da 600 asibiti a Jafan. A bar fitila a kunne, kada a zauna dab da allo.

Yaran da muke zaton ba su gane ba

“Ai yaro ne, bai san abin da ake yi ba.” Wannan magana ita ce ta fi cutar da su. Yaron da bai kai shekara bakwai ba bai gama rarrabe wasa da gaske ba, kuma abin da ya gani da ido shi ke tsorata shi, jini, fuska mai muni, ihu. Ko ka ce masa fenti ne ba zai shiga ba. Wanda ya haura takwas kuma tsoronsa ya koma kan abin da zai iya faruwa da gaske. A ƙasar da yaro ke jin manya suna hirar garkuwa da mutane a kan hanyar da ake bi a je gida hutun sallah, fim irin Taken, inda ake sace 'yar mutum, ba tatsuniya ba ce a wurinsa. Sai ka ga ya ƙi kwana shi kaɗai, yana firgita cikin dare, ko wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi.

Iyaye mata, a nan nake roƙonku. Kada ku ba yaro maganin mura ko na ƙaiƙayi don ya yi barci. Kulofeniramin, wanda aka fi sani da Piriton, yana sa wasu yaran su ƙara birkicewa ne maimakon su kwanta. Furometazin kuwa an hana ba yaron da bai kai shekara biyu ba, saboda yana iya tsayar masa da numfashi. Ku tambaye shi abin da ya gani, ku saurare shi ba tare da yi masa dariya ba, ku bar masa ɗan haske, a yi addu'ar barci tare. Idan an yi makonni abin bai lafa ba, ko ya shafi karatunsa da cin abincinsa, sai a ga likitan yara.

Shin kallon faɗa yana mai da yaro mafaɗaci? Masana sun daɗe suna jayayya kan girman tasirin, kuma ni ban yarda fim kaɗai yana mai da ɗan kirki ɗan daba ba. Gidan da ake duka da zagi ya fi kowane fim tasiri. Amma kwaikwayo gaskiya ne. A wani gwaji da aka wallafa a 2017 a Jami'ar Jihar Ohayo, an nuna wa yara 'yan shekara 8 zuwa 12 wani yanki na fim, wasu mai bindiga wasu an cire bindigar, sannan aka bar su a ɗakin da aka ɓoye bindigar gaske da aka lalata. Waɗanda suka ga mai bindigar sun fi daɗewa riƙe da ita, sun fi jan kunamarta. Gidajen jami'an tsaro da 'yan sintiri da mafarauta, wannan taku ce. Taba ma haka. Tun 2012 babban jami'in lafiya na Amurka ya tabbatar cewa ganin ana shan taba a fim yana sa matasa su fara sha. Shi ya sa kuke ganin ɗan rubutun gargaɗi a ƙasan allo a finafinan Indiya duk lokacin da bos ya kunna sigari, kuma a 2024 Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa ta fito da ƙa'idar hana ƙawata shan taba da tsafin kuɗi a finafinan Najeriya.

Wannan hukuma, wadda aka kafa a 1993, tana sanya wa finafinai alamar shekaru, daga G na kowa da kowa, zuwa PG, 12, 12A, 15 da 18. Netflix da DStv suna da wurin kullewa da lambar sirri, minti biyar ya isa a saita. Matsalar ita ce fim ɗin da aka turo a waya ko katin memori ba ya zuwa da wata alama, kuma fassarar barkwanci takan sa a ɗauka na yara ne. KGF da Pushpa da Animal, duk dariyar da mai fassara zai ba ku, cike suke da sara da suka. Ku fara gani kafin su gani. Ga ƙanana sosai kuwa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce wanda bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Janareta

Na bar wannan a ƙarshe domin ba a cikin fim ɗin yake ba, kuma shi ne ke kashe gida guda a dare ɗaya. An ɗauke wuta ana tsakiyar kallo, sai a tayar da janareta. Saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama, sai a jawo shi baranda ko lungun kicin ko ƙarƙashin taga, a rufe ƙofofi saboda ƙara da sauro. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau ɗari biyu da wani abu, don haka jini yana zagayawa amma ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata. Mutanen da suka yi barci a gaban talabijin ba sa jin komai.

Janareta a waje yake zama, a fili, kamar mita shida daga ƙofa da taga, bakin hayaƙin yana kallon nesa da gida. A gidajen haya inda kowa ke da nasa a tsakar gida, na maƙwabci ma yana iya shigo muku ta taga, don haka magana ce ta duk 'yan gidan. A kashe shi kafin a kwanta. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka fara ciwon kai da jiri da amai lokaci guda, kada a ce maleriya ce a tafi neman magani a kemis. A buɗe ƙofofi, a fitar da kowa waje, a kashe injin, a tafi asibiti ko da sun ji sauƙi da shan iska. Da kun isa ku faɗa wa likita cewa janareta yana kunne, domin oksijin za a saka musu nan take.